Idan Motar da Ke Taya Ka Tuƙi Ta Yi Kuskure, Alhakin Wa Ne?

 Gaisuwa ta musamman ga direbobin da suka kama mu a kan hanya, da masu keke da ke kai-kawo tsakanin Mile Six da babbar kasuwa, da makanikan da ke saurare hannu duk baƙin mai. Sharhin yau naku ne, ko da yake motar da za mu tattauna a kanta ba ta yi yawa a titunan Jalingo ba tukuna.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, zancen motar lantarki ya bar ofisoshi ya shigo majalisar bakin titi. Ba yau aka fara ba. A Nuwamban 2020 aka nuna Hyundai Kona mai lantarki da aka harhaɗa a Legas. A 2021, lokacin da Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, ke shugabantar hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna da haɗa motocin bas masu lantarki, kuma a Disamban 2023 gwamnatin Borno ta zuba irin waɗannan motoci a harkar haya. Motocin China kuwa sai shigowa suke yi. Abin da ya kai Maiduguri da Abuja, ba zai daɗe bai iso Jalingo ba.

To, waɗannan motoci suna zuwa da wani abu da dillali ke ɗaga murya idan ya zo kansa. Zai ce maka, "Alhaji, wannan ai da kanta take tuƙa kanta." Kuma duk mun ga hotunan a waya: mutum ya harɗe hannu, ko ya kwantar da kujera, sitiyari na juyawa shi kaɗai. A kan wannan jumla ta dillali nake so mu tsaya yau, domin akwai rai a cikinta.

Mene ne ainihin abin da ke cikin motar? Akwai kamara a saman gilashin gaba, bayan madubi. A yawancinsu akwai na'urar rada a bayan bamba ko bayan tambarin kamfani, mai auna tazara. Sai kwamfutar da ke haɗa abin da suka gani ta yanke shawara. Da waɗannan motar ke bin fentin layin da ke kan kwalta don kada ta kauce, tana rage gudu idan ta gaba ta rage, tana taka birki da kanta idan ta hango karo. Injiniyoyin mota na duniya sun kasa wannan fasaha mataki-mataki, daga 0 zuwa 5. A mataki na 5 ne mota ba ta bukatar mutum ko kaɗan, kuma babu kamfanin da ke sayar da irinta. Kusan duk abin da ake sayar wa jama'a, har da Autopilot da Full Self-Driving na kamfanin Tesla, a mataki na 2 yake. Ma'anar mataki na 2 ita ce na'ura tana taimakawa, amma direba ne ke tuƙi, idonsa a kan hanya, hannunsa a shirye, kowace daƙiƙa. Haka yake rubuce a littafin motar. Kamfanin da ya ƙera ta bai yi alkawarin da dillali ke yi da sunansa ba.

Kada wani ya ɗauka ina ƙyamar wannan fasaha. A'a. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta ce mutum 5,421 ne suka mutu a haɗurran mota a Najeriya a shekarar 2024, kuma mu da muke zuwa jana'iza mun san ba kowane haɗari ke shiga lissafi ba. Gudu, gyangyaɗi, gajiya, waya a kunne, ganganci wajen wuce wata mota, duk halin ɗan Adam ne. Cibiyar kamfanonin inshora da ke binciken haɗurra a Amurka ta gano cewa birkin da ke kama kansa yana rage haɗarin bugun mota ta baya da kusan rabi. Duk abin da zai rage gawarwakin da ake kaiwa asibitin tarayya na Jalingo, ni ina maraba da shi hannu bibbiyu.

Matsalar tana wajen yarda, da yadda take girma a zuciyar mai mota ba tare da ya sani ba. Makon farko yana riƙe da sitiyari gam, gabansa na faɗuwa. Motar ta yi kwana lafiya, ta tsaya lafiya. Wata ya zagayo, ya sassauta. Sai ya fara duba saƙo. Sai ya fara waiwayawa yana hira da na baya. Ba wawa ba ne; duk abin da ya yi ta cika maka alkawari, dole ka saki jiki da shi. Sai dai wannan na'ura, iya ƙwarewarta iya haɗarinta, domin ranar da za ta gaza ba ta yin sallama, kuma a ranar hankalin direba ya riga ya yi nisa.

Bari in ba ku abin da ya faru, ba zato ba. Ranar 7 ga Mayun 2016, a jihar Fulorida ta Amurka, wani mutum ɗan shekara 40 yana cikin Tesla da Autopilot a kunne, yana gudun kusan kilomita 119. Wata tirela ta gitta hanya. Kamfanin ya ce na'urar ba ta bambance farin jikin tirelar da hasken sama ba. Motar ta shige ƙarƙashin tirelar ba tare da an taɓa birki ba. Hukumar binciken haɗurra ta ƙasar ta gano cewa a cikin minti 37 na tafiyar, daƙiƙa 25 kacal hannunsa ya yi a kan sitiyari. Mutum ne da ya ƙaunaci motarsa, yana yabonta a bainar jama'a. Hukumar ta ɗora laifi a kan direban tirela, da shi mamacin saboda dogaron da ya wuce kima, da kuma tsarin motar da ya ba shi damar sakin hannu tsawon wannan lokaci.

A Maris ɗin 2018, a Kalifoniya, wani injiniya ya rasu da motarsa ta daki shingen kankare da ke raba hanya. Abin da ya fi taɓa ni a labarinsa shi ne, ya riga ya faɗa wa danginsa cewa motar na karkata a daidai wannan wuri. Ya sani. Amma sabo ya fi sani ƙarfi, kuma binciken ya nuna akwai wasa a buɗe a wayarsa lokacin da abin ya faru.

Wani kuma a China ne. Daren 29 ga Maris na 2025, a lardin Anhui, ɗalibai mata uku suna cikin motar lantarki ta Xiaomi, na'urar taimakon tuƙi na aiki, gudu kilomita 116. Ana gyaran hanya, an karkatar da layi. Bisa bayanan da kamfanin da kansa ya fitar, motar ta yi gargaɗi, mai tuƙin ta karɓi sitiyari, amma tsakanin gargaɗin da karon bai wuce daƙiƙa biyu zuwa huɗu ba. Duka ukun suka rasu. Malam direba, yi lissafi da ni: a gudun kilomita 100, motarka na cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan na'ura ta miƙo maka tuƙi saura daƙiƙa biyu, kai kuma idonka na kan waya, me ya rage maka?

Duk waɗannan sun faru ne a kan titunan da aka shafa wa fenti, aka kafa wa alluna, aka zana a taswira dalla-dalla. Yanzu mu dawo gida.

Na'urar da ke riƙe layi, fenti take karantawa. Ka fita daga Jalingo ka nufi Numan, ko ka bi ta Zing, ko ka gangara Mutum Biyu, ka gaya mini kilomita nawa za ka yi kana ganin farin layi a tsakiya da gefe. Inda fentin yake ma, direban kirki yakan bar hannunsa da gangan don ya kauce wa rami, na'urar kuwa ƙoƙarinta ta mayar da shi cikin layi. Hunturu ya zo, hazo ya rufe gari, ƙura ta lulluɓe gilashi da bamba. Damina ta zo, laka ta toshe idon rada. Gadar Namnai da ke kan hanyar Wukari, ambaliya ta karya ta a Agustan 2024. Matafiya sun san haka daga bakin juna tun kafin wata taswira ta sani.

Akwai kuma wani harshe da muke magana da shi a kan titi wanda ba a koya wa kwamfutar ba. Tirela ta lalace da daddare, yaron mota ya karyo ganye ya jera a kan kwalta. Kai da ka ga ganye ka san ka ɗaga ƙafa. Direban da ke tahowa ya ƙyafta maka fitila, ka san akwai wani abu a gaba. Direban daf ya kunna sigina, ka san yana ce maka wuce ko dakata. Jami'in tsaro ya ɗaga tocila a bayan tsohuwar taya da gungumen itace. Yaro makiyayi ya ɗaga sanda, ka san garke na shirin tsallakawa. Mai keke ya ga fasinja, ka san zai tsaya nan take ko da babu sigina. Duk wannan ilimi ne, kuma a kan direban Taraba yake zaune.

Maganar tirelar da ta lalace, ina so in daɗe a kanta kaɗan, domin ita ce ta fi ba ni tsoro. Irin waɗannan na'urori suna da rauni sananne wajen abin da ke tsaye cak alhali motar na gudu sosai. Dalili kuwa, rada na ganin abubuwa marasa motsi barkatai, alluna da gadoji da turakun lantarki, kuma da za ta taka birki saboda kowanne da ba a yi tafiya ba, don haka aka koya mata ta kau da kai daga yawancinsu. Littattafan motocin da kansu suna gargaɗi a kan haka. A Amurka, sai da motocin Tesla suka yi ta dukan motocin kashe gobara da na 'yan sanda da ke tsaye a gefen hanya, fitilunsu na walƙiya, har hukumar kula da lafiyar tituna ta buɗe bincike a Agustan 2021. Idan motar kwana-kwana mai ja da fitilu ta ɓace wa na'ura, ina ga tirelar siminti da ta mutu a duhu, ba fitila ko ɗaya, sai reshen darbejiya?

Dabbobi ma haka. A 2017 kamfanin Volvo ya amsa cewa na'urarsa mai gane manyan dabbobi, wadda aka horar da dabbobin Suwidin, ta rikice da ta haɗu da kangaru a Ostareliya, saboda tsallen da yake yi. Kowace na'ura abin da aka nuna mata ta sani. Shanun da ke fitowa daga kasuwar Iware, da akuyar da ke yanko titi a guje, da matar da ta ɗauko itace ya fi ta faɗi, ba da su aka horar da ita ba.

Wani zai ce ai wannan matsalar masu kuɗi ce, mu ina ruwanmu? Ruwanmu na nan ta fuska biyu. Na farko, wanda za a buge ba mai motar ba ne. Mai keke ne da fasinjojinsa, ɗan makaranta ne, mai talla ce. Na biyu, wannan fasaha ta riga ta shigo garin nan a cikin motocin fetur. Corolla da Camry da Honda na 'yan shekarun nan, waɗanda ake kawowa daga Amurka, da yawansu suna ɗauke da kamara da rada. Kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa kaso mai yawa na waɗannan motoci, masu haɗari ne da aka yi gwanjonsu a can, aka gyara a nan. Ka'idar kamfanonin ita ce, duk lokacin da aka canja gilashin gaba ko aka taɓa bamba, sai an sake saita kamarar da radar da kayan aiki na musamman, domin karkata kaɗan a nan kusa, ɓata ce mai yawa a mita ɗari. Fanalbitanmu gwanaye ne, za su miƙar da ƙarfe su fesa fenti ka rantse sabuwa ce. Amma wa ya saita idon motar? Sau da yawa fitilar gargaɗi na kamawa a gaban direba, sai a ce masa, "Oga, share kawai, ba ta hana tafiya." Wani lokacin fitilar ba ta kamawa ma, motar na kallon gefe, mai ita na zaton tana kallon gaba.

Haka batun kiranye. A Disamban 2023 Tesla ya yi wa motoci sama da miliyan 2 kiranye a Amurka don ƙara matakan tabbatar da cewa direba na kula. A Afrilun 2024 hukumar kula da lafiyar tituna ta ƙasar ta ce ta samu aƙalla haɗurra 13 da aka rasa rai, waɗanda sakacin direba da ya kamata kamfani ya hango ya taka rawa a ciki. Can akwai hukumar da ke tilasta gyara. Motar da ta tsallako teku ta sauya hannu sau uku kafin ta iso Jalingo, takardar kiranyenta tana zuwa ne adireshin mai ita na farko a Tekzas. Tesla ba shi da shago ko garejin gyara a Najeriya. Idan abu ya lalace, lambar dillali ce kawai a hannunka.

To, idan ta faru, alhakin wa ne?

Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan ruwa ma sun sha fama. A Maris ɗin 2018, a jihar Arizona, motar gwaji ta kamfanin Uber ta kashe wata mata da ke tura keke tana tsallaka titi da daddare. Bincike ya nuna na'urar ta hango ta fiye da daƙiƙa 5 kafin karo, amma ta kasa tantance ko mene ne, domin ba a tsara ta da tunanin mutum zai tsallaka inda ba a ware don tsallakawa ba. Ku dubi titin Hammaruwa da na Barde, ku gaya mini a ina mutanenmu ke tsallakawa. A ƙarshe masu gabatar da ƙara ba su tuhumi kamfanin da laifi ba. Ma'aikaciyar da aka zaunar a kujerar direba, wadda hankalinta ya tafi kan waya, ita ta amsa laifi a 2023. Ƙaramin ma'aikaci ya ɗauki kaya, babba ya wuce.

Amma al'amarin ya fara sauyawa. Ranar 1 ga Agustan 2025, a wata kotun tarayya da ke Miyami, masu taya alƙali yanke hukunci suka duba haɗarin da ya faru a 2019, inda wani direban Tesla ya sunkuya ɗauko wayarsa da ta faɗi, motar ta zarce mahaɗa ta kashe wata budurwa 'yar shekara 22, ta raunata saurayinta. Suka ce kashi biyu cikin uku na laifin na direba ne, kashi ɗaya na kamfani, suka yanke wa kamfanin biyan kusan dala miliyan 243. Kamfanin bai amince da hukuncin ba. Abin lura a shari'ar shi ne bayanan da motar ta naɗa a daƙiƙun ƙarshe. Kamfanin ya ce ba ya da su. Sai da dangin suka nemo gwanin kwamfuta ya tono su daga cikin na'urar motar. Shekara shida, da lauyoyi, da masana, kafin gaskiya ta fito.

Wasu kuma sun gyara tun daga doka. Bayan rasuwar ɗaliban nan uku, a Afrilun 2025 hukumomin China suka hana kamfanoni tallata irin wannan na'ura da sunan mota mai tuƙa kanta. Birtaniya ta yi doka a Mayun 2024 da ta ce idan an amince wa mota ta tuƙa kanta, kuma tana cikin yin hakan, ba za a kama wanda ke ciki da laifin yadda ta yi tuƙin ba, kamfanin da ya tsaya mata ne zai amsa. Mercedes, da ya fara sayar da na'urar mataki na 3 a Jamus a 2022, ya yarda zai ɗauki alhaki idan tana aiki, amma dubi sharuɗɗan da ya gindaya: zaɓaɓɓun manyan hanyoyi kawai, gudu bai wuce kilomita 60 ba a lokacin, yanayi mai kyau. Kamfanin da ya san shi zai biya, ya ƙuntata wa na'urarsa iyaka. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda masu ƙera abin suka ajiye tasu yardar.

A nan gida fa? A ce yau irin wannan mota ta buge mai keke a shatale-talen Roadblock. Ɗan sanda zai zo ya auna sawun taya, ya zana taswirar wuri, ya tafi da direba. Direba zai ce, "Wallahi motar ce ba ta kama birki ba." Shaidar da za ta gaskata shi ko ta ƙaryata shi tana cikin kwamfutar motar, mabuɗinta na wata ƙasa. Inshorar dole da yawancinmu ke yanka, wadda hukumar NAICOM ta mayar naira 15,000 daga Janairun 2023, iyakar abin da take biya na ɓarnar dukiya naira miliyan 3 ne, kuma mutane ƙalilan ne ke bin haƙƙinsu a kanta. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ɗora alhaki a kan wanda ya sayar da kaya mai aibi idan kayan ya jawo cuta. Doka ce mai kyau. Amma kafin ta yi aiki sai an tabbatar da aibin, kuma sai an san wanda ya sayar, da rasit, da adireshi.

Abin da aka saba shi ne manya su shiga tsakani, a je gaisuwa, a ce ƙaddara ce, a yafe. Ina girmama wannan hali namu, ya kashe wutar fitina da yawa a jihar da ke da ƙabilu barkatai kamar tamu. Sai dai a wannan sabon lamari akwai abin da yafiya ba ta gyarawa. Idan direba ne ya yi ganganci, shi kaɗai ne. Idan kuwa aibin na manhajar motar ne, to yana cikin kowace mota irinta da ke ƙasar nan, yana jiran wani. Rufe maganar ba tare da bincike ba, buɗe ƙofa ce ga haɗari na biyu.

Kuma addinanmu biyu ba su bar mu a duhu ba. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a Risala, mahayin dabba da mai janta da mai korarta su ke da lamunin abin da ta taka. Ba a karɓar uzurin cewa dokin ne ya yi. A Littafin Fitowa kuma, sura ta 21, an bambanta tsakanin san da ya soki mutum ba zato, da san da aka san yana suka, aka gargaɗi mai shi, bai ɗaure shi ba. A na biyun, jinin na wuyan mai shi. Ku haɗa waɗannan biyun, za ku samu hukuncin da nake gani shi ne daidai. Wanda ke kan kujerar direba shi ne na farko da za a tambaya, ba shi da mafaka a bayan na'ura. Wanda kuma ya ƙera, ko ya shigo da ita, ko ya sayar, alhali ya san inda take gazawa ya yi shiru, ko ya ƙara gishiri don ciniki ya faɗa, shi ma yana da kasonsa, kuma bai kamata nisan ƙasarsa ko girman jarinsa ya wanke shi ba.

Saboda haka ina kira ga rundunar kiyaye haɗurra ta jihar Taraba da sashen 'yan sanda masu kula da haɗurra: tun yanzu da motocin ba su yi yawa ba, a fara tambaya a kowane haɗarin sabuwar mota, shin akwai na'urar taimakon tuƙi, kuma tana kunne? A rubuta. A hana taɓa kwamfutar motar har a gama bincike. 'Yan majalisarmu da ke Abuja su nemi a sa wa duk mai shigo da irin waɗannan motoci don sayarwa sharaɗin samun wakili a ƙasar nan, wanda kotu za ta iya kira, wanda kuma dole ya miƙa bayanan mota idan an nema. Jami'ar Jihar Taraba da makarantun koyon sana'a su ɗauki yaranmu masu gyaran wayar mota su koya musu saita kamara da rada. Aiki ne mai kuɗi, kuma duk wanda ya riga ya ƙware zai ci gajiyarsa shekaru.

Kai kuma ɗan'uwa da Allah ya hore maka motar lantarki, ko kake shirin saye, Allah ya sa alheri, ya tsare. Ka san cewa motarka ba ta da ƙara. Tarayyar Turai ta fara wajabta sa wa irinta sautin gargaɗi tun Yulin 2019, saboda makafi da yara ba sa jin tahowarta. A lungunan Sabon Gari da Mayo Gwoi, inda yara ke ƙwallo a kan hanya, ka tabbata taka na da shi, kada kuma ka kashe. Ta fi takwararta ta fetur nauyi saboda batir, tana kuma zabura da ka taɓa totur. Idan za ka gangaro daga Mambila, ka tuna cewa jan da take yi da kanta idan ka ɗaga ƙafa yana raguwa sosai idan batir ya cika fam, don haka a wannan gangare ƙafarka ta zauna kusa da birki. Birkin gaggawa mai kama kansa, bar shi a kunne kullum. Na'urar da ke murza sitiyari kuwa, a kan hanyar da babu fenti, ko da daddare, ko cikin hazo da ruwan sama, kashe ta ka yi tuƙinka. Idan direba ka ɗauka, zaunar da shi ka yi masa wannan bayani, kada yaron gida ya koya masa daga hotunan waya.

Ranar ciniki kuma, idan dillali ya ce maka da kanta take tuƙa kanta, ka ce masa ya rubuta hakan a kan rasit, ya sa hannu, ya rubuta adireshin shagonsa. Ka tambaye shi ko an taɓa canja gilashi ko bamba, da wanda ya saita kamarar bayan nan. Idan ya ƙi rubutawa ko ya kasa amsawa, kada ka biya kuɗin.

Allah ya kai kowa gida lafiya.